Bayan Mai Walda

Zuwa ga ƙanwata Barkono,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu. Ina fata kina lafiya, ke da 'yarki da ɗaliban nan naki masu taurin kai. Mu nan lafiya lau, sai gwiwar Maman yara da ke tashi idan an yi ruwa. Ni ma murya ta ɗan dushe, kin san aikinmu da maƙogwaro ake yi. Wasiƙarki ta iso. Na ga kin ce wani abu ya fito miki a hammata, har za ki je a duba. Ƙurji ne, zai wuce. Tun muna yara a gidan Kawu kike da raki. Na sa ki cikin addu'a.

Akwai abin da ya tsaya mini a rai, na rasa wanda zan faɗa wa sai ke. Kin san tun da aka ɗora mini ziyarar marasa lafiya a asibitin nan, ban taɓa shiga ɗaki an ƙi ni ba. Har waɗanda ba addininmu ɗaya ba sukan ce in tsaya in yi musu fatan alheri. To, a ɗakin maza, can ƙurya, a gadon da ke manne da bango, an kwantar da wani tsoho mai walda. Huhunsa ya gama aiki, nas-nas sun ce jira kawai ake yi. Hannuwansa duk ɗigo-ɗigon ƙuna ne na tartsatsin wuta. Mai bi ne, babu shakka, don na ji shi yana rera waƙoƙin cocinmu a ƙasan maƙoshi.

Ranar da na fara zuwa wurinsa, na ja kujera na gaya masa ko ni wane ne. Sai ya kama wuyan hannuna, riƙo mai ƙarfi kamar ba na mara lafiya ba, ya ce, "Fasto, tsoro nake ji." Na ce masa mai bi ba ya tsoro, wanda ya san inda za shi ba ya rawar jiki a bakin ƙofa. Na karanta masa ayoyi masu ƙarfafa zuciya, na yi addu'a har na gadajen kusa suna amsawa da amin. Da na buɗe ido sai na ga ya sake ni, ya juya fuskarsa ga bango.

Tun daga ranar haka muke. Da na shigo ɗakin sai ya juya. Rigar asibitin a buɗe take ta baya, don haka abin da nake gani kullum shi ne ƙashin bayansa, a jere kamar an zana. Nakan tsaya in yi addu'ata a kan bayan nan in wuce. Abin da ya fi ba ni mamaki, wata mata da ke jinyar mijinta a gadon kusa ta dafa shi ta faɗi kalmomi kaɗan, ko ayar kirki babu a ciki, ya ce mata amin da muryarsa.

Ba don kaina nake damuwa ba. Kin san ni ba mai neman girma ba ne, ni ne faston da ke ɗauke wa marasa lafiya tasar fitsari idan nas ta yi nisa. Ransa nake ji wa. Ina ganin akwai wani zunubi da ya ɓoye, Maganar Allah ta taɓa wurin, shi ya sa yake gudu. Ke da kika fi mu kai tun muna yara, ya kike gani?

Ki gaida 'yarki.

Yayanki, ɗan Goggonki.

*

Yaya Fasto,

Na amsa gaisuwa, ina kuma gaida Maman yara da gwiwa. Ka ce ta rage hawan bene, kai kuma ka rage magana ko maƙogwaron ya huta. Baba, Allah ya ba shi hutawa, yakan ce idan aka kunna ka sai batir ya ƙare.

Jiki dai ga shi nan. Ba ƙurji ba ne. Likita ya taɓa wurin ya yi shiru, sannan ya kira wani likitan, shi ma ya taɓa. Sun yanki ɗan nama za su gwada, sun ce in dawo idan sakamako ya fito. Hannun dama ba ya ɗaguwa sosai, sai a ƙasan allo nake rubutu yanzu, yaran baya suna miƙa wuya. 'Yata ba ta san komai ba tukuna, tana shirin jarrabawa, na ce mata jijiya ce.

Na karanta labarin mai waldanka har sau biyu. Ka tambaye ni yadda nake gani, to ni malamar lissafi ce, ba na ba da amsa sai na ga yadda aka bi aka zo. Da ya ce tsoro yake ji, tsoron me ya ce? Na duba wasiƙarka ban ga wurin ba. Tsoron mutuwa ne, ko na zafin da ke kafin ta, ko na wanda zai bari a baya? Yana da 'ya'ya? Wa ke kawo masa abinci? Tun yaushe ya daina aiki? Ka ba ni labarin hannuwansa da bayansa, amma ba ka ce mini komai a kan abin da ya faɗa bayan kalmomin nan na farko ba. Ko bai samu wurin faɗa ba ne?

Zancen ɓoyayyen zunubi kuwa, ban sani ba. Kowa yana da nasa. Amma mutumin da ya riƙe hannun fasto ya ce yana jin tsoro, a ganina ba ɓuya ya fara da ita ba. Ba kowane juya baya ne ƙin Allah ba. Wani yakan juya ne don ya samu ɗan wurin da zai yi magana da Shi ba a katse shi ba. Ni ma da ni ce a gadon nan, Yaya, ban san ta inda zan juya ba.

Idan ka koma, ka gwada zama kawai. Ka bar littafin a aljihu. Na san wannan a wurinka kamar a ce ka riƙe numfashi ne, amma ka gwada.

Zan tsaya nan, hannun ya gaji. Idan sakamako ya fito zan sanar da kai.

Ƙanwarka, wadda har yanzu ba ta yafe sunan Barkono ba.

*

Ƙanwata,

Alherin Ubangiji ya kasance tare da ke. Na gode wa Allah da na ji kina nan kina aikinki. Likitocin zamani da son gwaje-gwaje, ko ciwon kai ka kai musu sai sun ɗebi jini. Kada ki sa abin a rai. Rubutunki dai ya lalace, malama guda, sai da na sa tabarau. Mu nan lafiya, gwiwar ta yi sauƙi.

Mai walda ya rasu. Na shiga ɗakin da hantsi na tarar an ja labule a ƙuryar. Babbar nas ta ce bai daɗe da cikawa ba. Na leƙa. A yadda na saba ganinsa yake, fuska ga bango. Ba su riga sun juya shi ba. Shawararki ta zama shiru ban samu yin ta ba, kuma gaskiya ban ga yadda zan tsaya a kan mai mutuwa in hana shi Maganar rai ba.

Ran Lahadi na yi wa'azi a kan taurin zuciya, na kawo labarinsa ba tare da na faɗi ko wane ne ba. Mutane sun ce wa'azin ya ratsa su. Amma akwai abin da ban gaya wa kowa ba. Ina tsakiyar magana sai na hango wani a bencin ƙarshe ya juya wa mumbari baya. Muryata ta ɗauke. Ashe wani dattijo ne ya juya yana rufe taga. Na sha ruwa na ci gaba.

Tun daga nan abin bai bar ni ba. A mota, wanda ke zaune a gabana yana da irin wuyan nan siriri, sai da na sauka kafin in kai inda za ni. A gida, rigata da Maman yara ta rataye a bayan ƙofa, da rana tsaka, na shigo na tsaya cik. Ban ce fatalwa ba ce, kin san ban yarda da wannan ba. Idona ne kawai yake nemansa. Abin da ya fi damuna shi ne na zauna in tuna fuskarsa, na kasa. Hannuwan suna nan, ƙashin bayan yana nan, fuskar babu. An kwantar da wani saurayi a gadon, mai fara'a, yana son addu'a, amma ba na son nufar ƙuryar. Ina ganin magabci ne, Shaiɗan, yake so ya raunana ni a aikina. Ki taya ni addu'a.

Yanzu kuma ga maganar da ta zama dole in yi miki a matsayina na yayanki. Kin rubuta cewa da ke ce a gadon, ba ki san ta inda za ki juya ba. Wannan layin ya tayar mini da hankali. Ke da aka haifa cikin bangaskiya, 'yar Kawu guda, ki ce ba ki san inda za ki juya ba? Kina zuwa sujada kuwa? Ko zama cikin masu yawan karatu ya fara sanyaya ki? Tun rasuwar mijinki na lura kina ja da baya. Ki bincika zuciyarki, ƙanwata. Mutum ba ya ganin inda ya karkace sai wani ya nuna masa, kuma tawali'u shi ne ya karɓa idan an nuna.

Ina jiran amsarki.

Yayanki.

*

Barkono,

Gaisuwa. Muna lafiya. Damina ta shigo ta kusa fita ban ga wasiƙarki ba. Kullum sai na biya gidan waya, har ma'aikacin ya fara girgiza mini kai tun daga nesa.

Idan maganata ce ta yi miki zafi, ki sani da ƙauna na yi ta. Na saba da wannan, wanda gaskiya ta taɓa yakan yi shiru na ɗan lokaci. Ba na fushi. Amma yin gum ba halin gidanmu ba ne, kuma ke ba ki taɓa rasa amsa ba.

Mai waldan nan har yanzu bai bar idona ba. Jiya a layin karɓar magani na gan shi, na zagaya ta gaba don in ga fuska, sai wani baƙo ya dube ni yana tambaya ko lafiya.

Ki rubuto, ko layi biyu ne.

Yayanki.

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Da hannun hagu nake rubutu, sai ka sake sa tabarau.

Wasiƙunka biyu na tarar a kan tebur da aka sallamo ni daga asibiti. Ba gum na yi ba. Sankara ce. Sun cire nonon dama da abin da ke hammatar. Ciwon ya ƙi rufewa, ya yi ruwa, na daɗe a kwance. 'Yata ta rubuta jarrabawarta tana kwana a kan kujerar roba a gefen gadona. Na gaya maka an yanki nama, na gaya maka hannu ba ya ɗaguwa, na gaya maka likita ya yi shiru. Ka amsa mini da cewa rubutuna ya lalace.

Ka ce layin nan ya tayar maka da hankali. Ni ba misali nake yi ba. Na san gado yana jirana, shi ya sa na faɗa. Tsoro nake ji, Yaya, tun lokacin. Na so in rubuta maka haka ƙarara, sai na tuna amsar da mai walda ya samu, na ce ba zan iya ɗaukarta ba. Sai na lulluɓe maganar, ko za ka ɗaga ka duba. Ka ɗaga, ka ga mai ja da baya.

Ni ma gadona a jikin bango yake. Na san bangon nan yanzu fiye da fuskar 'yata. Fentin ruwan madara ne, ya ɗaɗɗago a wani wuri, akwai inda wani da ya riga ni ya kankare da farce. Matan cocinmu sun zo, Allah ya saka musu. Akwai wata babba a cikinsu mai murya kamar taka. Ta tsaya a kaina ta tsawata wa ciwon, ta ce in ƙi tsoro, in furta cewa na warke. Ni kuwa a ranar abin da ke raina shi ne wa zai riƙe yarinyar nan idan na tafi, ba uba ba uwa. Ba wanda ya tambaya. Ban san lokacin da na juya ba. Da hancina ya kusa taɓa bangon sai na ce a raina, ashe nan ne wurin. A nan na yi addu'ar da ta fi kowace gaskiya a rayuwata, kuma ba ta wuce "Ubangiji, kana gani" ba.

Ba na shakkar ƙaunarka. Na san kana ɗaukar tasar fitsari, ka gaya mini ba sau ɗaya ba. Amma kai kana shiga ɗaki ne da amsa a hannu, kana neman wanda za ka ba. Mutumin nan ya ba ka abu mafi tsada da ya rage masa, ka mayar masa kafin ka duba mene ne. Sannan ka hau mumbari da bayansa. Ka rubuta mini cewa mutum ba ya ganin inda ya karkace sai an nuna masa. Gaskiya ka faɗa. Ban san wa kake tsammani kana faɗa wa ba.

Za a fara yi mini ƙarin magani mai ƙarfi, irin mai zubar da gashi. Har yanzu ina jin tsoro. Idan za ka amsa, don Allah kada ka aiko mini da aya. Na san su, da su na girma, kuma ina riƙe da su da haƙorana.

Ƙanwarka.

*

Ƙanwata,

Ina gaishe ki. Ya jikin? Ya wurin aikin da aka yi, ya rufe? An fara maganin? Kina iya cin abinci? Wa ke tare da ku a gidan? Ki amsa mini waɗannan ɗaya bayan ɗaya, ko ki sa 'yarki ta rubuta.

Na san na daɗe ban amsa ba, kuma na san abin da za ki ɗauka. Ba fushi ba ne, ko da yake da fushi aka fara. Ranar da wasiƙarki ta iso na ninke ta na ce ciwo ne yake magana. Na zauna in ba ki amsa. Duk wadda na fara, kafin in kai tsakiyar shafi ta zama wa'azi. Har wadda na fara da neman gafara, na duba na ga ina koya miki yadda ake yafewa. Sai na ajiye biro.

Na nemi inda mai walda yake aiki, babbar nas ta kwatanta mini. Wata rumfa ce a bayan masu gyaran mota, ƙofofin ƙarfe a jingine, ƙasa duk guntayen waya. Ɗansa ne ke riƙe da wurin. Ya ɗage abin rufe fuska, ya gane ni nan take, ya goge benci da hannun rigarsa ya ce in zauna. Ya yi ta godiya, wai kullum ina zuwa wurin babansa. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na tambaye shi ko tsohon ya taɓa yin maganata. Ya yi ɗan tunani ya ce, "Ya ce akwai abin da yake so ya tambayi fasto. Na ce ya tambaye ni mana, ya ce ba tawa ba ce." Na ce wace tambaya? Ya ce, "Bai faɗa ba. Na ɗauka ya yi maka." Akwai hoton tsohon a manne a jikin ginshiƙi, hayaƙi ya dusashe shi. Na daɗe ina kallo. Ban gane shi ba, ƙanwata. Da a hanya muka haɗu da na wuce.

Daga nan na koma wurin babbar nas na roƙe ta ta gaya mini abin da suke gani idan na shigo. Ta yi ta kewaye-kewaye, fasto kaza, fasto kaza. Na ce ba yabo na zo nema ba. Sai ta ce marasa lafiya sun san ƙarar takalmina tun daga baranda, kuma da yawa sukan rufe ido su yi kamar barci. Ta ce ita kanta ta sha ce mini wane yana hutawa alhali idonsa biyu. Shekara da shekaru ina tafiya a hankali a gefen gadajen nan don kada in tashe su, ina jin daɗin kaina.

Na zo gida na tambayi Maman yara ko ita ma haka ne. Ta yi dariya, dariyar ta juye ta zama kuka, ta tashi ta shiga kicin. Har yau ba ta ba ni amsa ba, ni kuma ina koyon jira.

Ran Lahadi na gaya wa ikilisiya cewa mutumin da na kawo a wa'azin taurin zuciya na yi masa ƙarya, ban san zuciyarsa ba. Wasu sun zo suna yaba tawali'una a bakin ƙofa, kuma na ji daɗin yabon. Kin ga inda abin yake.

Har yanzu ina ganinsa. Na daina cewa magabci ne. Abin da ke ba ni tsoro yanzu shi ne, wannan aibin nawa kin nuna mini, da ciwonki kika saya mini ganinsa. Sauran fa? Na yi shekaru ina roƙon Allah ya bincike ni, ashe ina nuna masa ɗakunan da na riga na share ne. Ban san ƙofofi nawa ne a gidan ba.

Ba ni da abin da zan ce a kan tsoronki. Ina so in ji shi, in kin yarda. Na nemi hutu an ba ni. In zo?

Yayanki.

*

Yaya,

Gaisuwa, da ta Maman yara ta musamman. Ka bar ta, za ta yi magana idan ta ga da gaske kake.

Ga amsoshinka bi da bi, tunda yau kai ne mai tambaya. Wurin ya rufe. An fara maganin, yana kayar da ni kwana da kwanaki, in tashi, a sake. Abinci sai mai ruwa-ruwa. Hoton da aka ɗauka na baya ya nuna wani abu a ƙashin kafaɗa, likita ya ce a gama wannan zagayen tukuna a gani. Ya dube ni da ya faɗa, na gode masa da hakan. Makaranta ta bar mana gidan har ƙarshen shekara.

Gaskiya na ɗauka fushi ka yi. Na ce wa 'yata ba za ka amsa ba, wai na san ka tun kana gajeren wando. Har wani daɗi nake ji idan ta dawo daga gidan waya hannu wofi, don lissafina ya fita daidai. Da wasiƙarka ta zo na karanta tambayoyin nan na sama, sai na rasa inda zan sa fuskata.

Ka tambayi wa ke tare da mu. Matar nan ce mai babbar murya, wadda na ba ka labari. Ban kira ta ba. Ta zo da safe wata rana ta ce ta zo wanki. Tun daga nan kusan kullum tana nan. Ranar da gashina ya fara zuba ita ke taje mini kai. Ina jin hannunta yana tsayawa yana ci gaba. Sai daga baya 'yata ta gaya mini tana tattara gashin tana cusawa a jakarta don kada in gani a ƙasa. Ni kuwa na riga na gama mata hukunci tun a asibiti, na ja mata jan biro na rufe littafi. Har yanzu idan ta yi addu'a sai maƙwabta sun ji, kuma har yanzu ba ta tambaye ni abin da nake tsoro ba. Amma ita ce ta ce 'yata ta riƙa kiranta Mama tun yanzu, don bakin ya saba. Ban san yadda ta sani ba.

Zancen mai walda, ba za ka taɓa jin tambayar nan ba, kuma ba zan ce maka ba komai ba. Ubangiji, wanda aka yi tambayar dominsa, ya riga ya ji ta. Idan kana ganinsa a hanya, kada ka kore shi, kada kuma ka yi wa'azi da shi karo na biyu.

Ka zo. Idan ka sauka a tasha ka hau ƙaramar motar da ke zuwa makarantar. Gidajen malamai suna baya, bayan filin ƙwallo, namu ne mai tankin ruwa a gefe. Na rame ƙwarai, kaina kuma babu ko silin gashi, ka shirya fuskarka tun daga ƙofa. Akwai maganganu a kan yarinyar nan da nake so mu yi, kuma ni zan fara. Bayan na gama, idan ka ga dama ka yi mini addu'a, ina so.

Maganin yana sa ni barci da rana ba shiri. Idan ka iso ka tarar idona a rufe, kada ka juya ka tafi. Ka ja kujera ka zauna. Wannan barcin na gaske ne, zan farka.

Ƙanwarka, Barkono.